Sauke Mota ko Ɗaga Ta: Aikin da Bai Kamata a Bar wa Awon Ido Ba

Duk motar da ta fito daga masana'anta tana zuwa da wata tazara tsakanin cikinta da ƙasa, kuma waɗanda suka ƙera ta ba da ka suka zaɓi wannan tazara ba. Ƙananan motocin gida irin su Corolla da Accord sukan tsaya a tsakanin santimita 13 da 16, ita kuwa Hilux takan haura 20. A kan wannan tsayi ne aka auna yadda taya za ta zauna a kan kwalta, da yadda sitiyari zai amsa, da inda hasken fitilar gaba zai sauka, da yadda nauyin mota zai koma gaba idan an taka birki. A garuruwanmu a yau ana taɓa wannan tazara ta fuska biyu: samari masu sha'awar mota suna sauke tasu har ta kusa shafar ƙasa, magidanta da direbobin haya kuma suna ɗaga tasu domin ta tsira daga ramuka. Ra'ayina shi ne cewa mutum yana da ikon sauya tsayin motarsa, amma ba shi da ikon hawa titin jama'a da ita sai an tabbatar, ta hanyar awo, cewa aikin ya kammala, kuma wannan sharaɗi ya hau kan mai ɗagawa kamar yadda ya hau kan mai saukewa.

Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki a 'yan shekarun nan shi ne koiloba. Shakazoba ce wadda sifirin ya naɗe jikinta, kamar dai wadda take ƙafar gaba ta yawancin ƙananan motoci, sai dai ita an yanka tiredi, wato zaren murzawa irin na noti, a gangar jikinta tun daga ƙasa har kusan sama, an kuma ɗaura mata zobba na ƙarfe waɗanda ake murzawa. Zobe ɗaya shi ne mazaunin sifirin, wani kuma shi ne makullin da ake matse shi a jikin na farko domin kada ya kwance. Idan aka murza zoben ya yi sama mota ta tashi, idan aka murza shi ya yi ƙasa ta zauna. Asalinta kayan motocin tsere ne, inda ake buƙatar daidaita kowace ƙafa gwargwadon filin da za a yi gudu a kai, daga baya kamfanoni irin su KW da Bilstein na Jamus, da Tein na Japan, da BC Racing na Taiwan suka fito da ita kasuwa domin motocin hawa. A bayan waɗannan kuma akwai tarin marasa suna masu araha da ake saye ta intanet, waɗanda ba wanda zai iya faɗa maka nauyin da sifirinsu zai ɗauka.

Wannan sauƙi na murza zobe shi ne tushen damuwata, domin yana sa mai mota da bakanikensa su ɗauka cewa aikin bai wuce na sifana ɗaya ba. Koiloba iri biyu ce, kuma rashin sanin bambancinsu ya lalata motoci masu kyau. A iri na farko, zoben da yake riƙe da sifirin shi ne kaɗai abin sauya tsayi, saboda haka duk santimitar da aka rage a tsayin mota an rage ta ne daga nisan da shakazoba take da shi na nutsewa idan taya ta haɗu da tudu. In aka zarce, mota takan zauna a kan ɗan robar nan da aka sa domin tare duka na ƙarshe, sai ta zama ba ta da sauran sassauci: kowane ƙaramin gargada zai ɗaga tayar daga kwalta, taya kuwa idan tana iska ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Akwai kuma haɗarin sifirin ya yi sako-sako har ya bar mazauninsa a lokacin da ƙafa ta miƙe gaba ɗaya. A iri na biyu, gangar shakazobar tana shiga ne cikin wani kwanso na ƙasa mai nasa tiredin, saboda haka ana sauya tsayi ta hanyar murza gangar cikin kwanson ba tare da an taɓa matsin sifirin ba. Wannan ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma yana da nasa tarkon, musamman ga mai son ɗaga mota: dole ne a bar isasshen tiredi a cikin kwanson, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a takardarsa. Wanda ya kwanto gangar har ta rage 'yan zagaye kaɗan domin ya sami ƙarin tsayi ya rataye kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin motarsa a kan ɗan siririn ƙarfe, kuma ranar da wannan ƙarfe zai saki ba za ta zo motar tana tsaye a gareji ba.

Cire ƙafar kanta aiki ne da ya cancanci a yi masa ladabi. Ana sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa, a ɗaga ta, a ɗora ta a kan matokari na ƙarfe, domin jak abin ɗagawa ne kawai, ba abin da mutum zai miƙa hannunsa ko kansa a ƙarƙashinsa ba, haka nan bulo da guntun katako da ake jerawa a gareji da yawa. Sai a kwance sandar da ta haɗa ƙafar da ƙarfen hana tangaɗi, a saki maƙalin tiyon birki da wayar na'urar ABS mai hana taya kullewa idan an taka birki, a cire manyan notoci biyu na ƙasa, sa'an nan ƙananan notocin sama da suke cikin ɗakin inji, waɗanda a motoci da yawa uku ne. Tun kafin notocin ƙasa su fita ya kamata a tallafe cibiyar tayar, in ba haka ba nauyinta zai rataya a jikin tiyon birki, ko kuma ya zaro shaf, wato sandar da take kai ƙarfin inji ga taya, daga mazauninsa. Noti ɗaya ne ba a taɓawa, wato babban nan na tsakiya a saman shakazobar da mota ta zo da ita, domin shi yake riƙe da sifirin da yake danne da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Wanda ya kwance shi ba tare da ya fara kama sifirin da na'urar matsewa ba yana iya rasa yatsu ko ido, kuma sau da yawa yaron gareji ne, ɗan shekara goma sha, yake durƙushe a daidai wurin. Ina ganin babu maigidan da ya kamata ya sa yaronsa wannan aiki alhali ba shi da wannan na'ura a shagonsa.

Ƙurarmu ma tana da nata rabon a cikin matsalar. Bayan hunturu ɗaya da damina ɗaya, tiredin koiloba yakan cika da ƙasa da tsatsa har zobban su ƙi motsi. Gyaran shi ne a wanke tiredin da buroshin ƙarfe, a zuba man sassauta tsatsa, a sauke nauyin mota daga kan ƙafar, sa'an nan a murza da ƙugiyar sifanar da aka sayar da kayan tare da ita. Abin da aka fi gani kuwa shi ne guduma da kurfi: a kafa bakin kurfin a haƙorin zoben a yi ta duka har ya juya. Zobban nan galibi na alminiyam ne, ba sa jure wannan, haƙoransu sukan karye, zoben makulli kuma ya daina kamawa. Mai mota zai biya kuɗi ya tafi yana murna da sabon tsayi, bai san an yi masa gyaran gangar Auzinawa ba.

Daga nan sai maganar awo, wadda a kanta na fi tsayawa. Kanikawanmu suna da basira da ba a raina ta, kuma idan ka ce a kawo tef wani zai ce maka ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aiki ido bai san ƙima ba. Ana auna tsayin kowace kusurwa daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen jikin mota da yake samanta, a kan daɓe mai daidai, da iskar taya daidai, bayan an ɗan gangara da motar gaba da baya domin ƙafafun su zauna. Ana rubuta lambar kafin a fara aiki, a rubuta ta bayan an gama, ƙafar hagu ta yi daidai da ta dama. Ko da an yi haka, akwai abin da tef ba ya nunawa. Mota mai ƙafa huɗu tana iya tsayawa a miƙe a ido alhali ƙafafu biyu da suke kallon juna ta kusurwa, misali gaba ta hagu da baya ta dama, su ne suke ɗauke da mafi yawan nauyi, kamar teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza tsawo. Irin wannan mota tana shan kwanar dama da wani hali, ta sha ta hagu da wani hali daban, kuma idan aka taka birki da ƙarfi taya ɗaya takan riga 'yan'uwanta sakin ƙasa. Masu tsere suna ɗora motar a kan sikeli huɗu domin gyara wannan. Ba na cewa kowane gareji ya mallaki sikeli huɗu, amma aƙalla a ƙirga zagayen da aka murza a kowace ƙafa, a auna tsawon tiredin da ya fito, hagu da dama su zo ɗaya.

Kuma saukar mota daga jak ba shi ne ƙarshen aiki ba. Da zarar tsayi ya sauya, kusurwar da tayoyi suke zaune a kai ta sauya: kan tayar yakan karkata ciki idan an sauke mota, bakin tayoyin gaba kuma ya buɗe ko ya tsuke. Wannan buɗewa ko tsukewa ita take cinye sabuwar taya ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni, ta cikin da mai mota ba ya gani sai waya ta fito. Saboda haka daidaita ƙafafu a kan na'ura wajibi ne bayan kowane sauyi, ko da na santimita biyu ne. Robobin hannayen ƙafa, waɗanda aka matse su a tsohon tsayi, suna buƙatar a sassauta su a sake matsewa motar tana zaune a kan tayoyinta, in ba haka ba za su zauna a murɗe su yage da wuri. Fitilar gaba tana buƙatar a sake saita ta, musamman idan gaba da baya ba su sauya daidai ba, domin motar da bayanta ya zauna gabanta ya tashi tana watsa haske ne kai tsaye cikin idon mai tahowa. Sababbin motoci masu kyamara da na'urar hango abin da ke gaba su ma an saita na'urorinsu a kan tsayin asali. Duk waɗannan kuɗi ne da lokaci, kuma su ne ake fara yankewa idan ciniki ya yi zafi tsakanin mai mota da bakanike.

A nan ne batun ya tashi daga sha'awar mutum ɗaya ya zama na kowa. Motar da aka sauke fiye da kima tana tilasta wa direbanta wani irin tuƙi da sauran masu hanya ba su zata ba. Yakan tsaya cak a gaban tudun rage gudu, ya karkace ya hau shi a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, har ya shiga hannun masu tahowa. Yakan kauce wa ramin da wata mota za ta bi ta kai ba tare da damuwa ba, kaucewar kuwa takan zo ba zato, a daidai inda mai babur ko mai A Daidaita Sahu yake gefensa. Idan kaskon baƙin mai ya daki dutse ya fashe, man a kan titin kowa yake zuba, kuma mai ƙafa biyu ne zai fara zamewa a kai.

Sai dai zan yi rashin adalci idan na tsaya a kan samarin nan masu sauke mota, domin su ne 'yan ƙalilan, su ne kuma ido yake gani. Ɗaga mota ya fi sauke ta yawa a wajenmu ninkin ba ninkin, kuma ba wanda yake ɗaga masa gira. Yawancin motocin da muke hawa an ƙera su ne domin titunan Amurka da Turai, suka iso mana bayan sun yi shekaru, sifirinsu ya riga ya gaji. Mai mota ya gaji da jin cikinta yana gurzar ƙasa a unguwarsu, sai ya je a sa masa zoben ƙarfe ko na roba a saman shakazoba, ko a ɗora masa sifirin wata mota da ta fi tasa girma, ko ma a cusa guntayen tsohuwar taya a tsakanin naɗin sifirin. Direban haya yana yin haka domin ya ƙara lodi. Ina tausaya wa dukkansu, domin laifin farko na hanya ne, kuma akwai lokacin da ake haɗa Peugeot 504 a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, mota mai tsayi da doguwar nutsewar ƙafa da ta dace da hanyoyinmu tun daga gida. Amma tausayi ba ya sauya lissafin nauyi. Duk abin da aka ɗaga, cibiyar nauyinsa ta tashi, kuma motar da cibiyar nauyinta ta tashi ta fi saurin kifewa idan direba ya fizgi sitiyari, balle an ɗora buhuna a bisa rufinta, an cika ta da mutane. Shaf ɗinta yana aiki a karkace, shakazobarta tana kusa da ƙarshen miƙewarta, tiyon birkinta yana ɗamewa. Wanda ya yi tir da motar da aka sauke ya kau da kai daga wannan ya bar jaki yana dukan taiki.

Ƙasashen da suka riga mu fama da wannan batu sun gwada hanyoyi daban-daban, kuma sakamakonsu a bayyane yake. A 1958 jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta tuƙa motar da wani sashe na jikinta ya yi ƙasa da gindin ƙarfen tayarta, dokar da ta fi faɗawa kan Amurkawa 'yan asalin Meziko na birnin Los Anjalas, waɗanda sauke mota ya zama musu al'ada da abin alfahari. Ba su daina ba, sai suka ɗauko famfunan mai na tsofaffin jiragen sama suka sa wa motocinsu, ta yadda direba zai ɗaga mota idan ya hango ɗan sanda, ya sauke ta idan ya wuce. Bayan shekaru 65, a watan Oktoba na 2023, gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan dokar da ta soke haramcin. A ɗaya gefen ƙasar kuma, jihar Karolaina ta Arewa ta haramta, daga Disamba 2021, salon ɗaga gaban mota a bar bayanta a ƙasa idan bambancin ya kai inci 4, kimanin santimita 10, jihar Bajiniya ta bi sahu a 2022. Wannan haramci na biyu yana da hujjar da kowa zai iya gani: direban irin wannan mota sama yake kallo, ba ya ganin yaro ko ƙaramar mota da take dab da gabansa. Na farko kuwa ya fi kama da hukunta wasu mutane saboda kamannin abin hawansu.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na Japan da Jamus, ƙasashe biyu da masu gyaran mota domin sha'awa suke da yawa a cikinsu. A Japan ƙa'idar lamba ce guda: cikin mota kada ya gaza santimita 9 daga ƙasa, kuma ana auna wannan a binciken da doka ta wajabta wa kowace mota lokaci-lokaci. A Jamus, koilobar da za a sa wa motar hawa dole ta zo da takardar gwaji da ta ambaci irin motar da aka yarda a sa mata da iyakar da za a iya murza zobban, kuma a mafi yawan lokuta sai an kai motar wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA sun duba aikin kafin a shigar da sauyin cikin takardunta. Wanda ya tsallake wannan yana iya rasa izinin hawan motar a titi, ya kuma shiga rigima da kamfanin inshora idan haɗari ya auku. Ba a hana kowa sha'awarsa ba, an dai hana shi yin ta a ɓoye.

Abin da nake kira a yi a Nijeriya bai kai wannan tsada ba. Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, jihohi suna da jami'an duba lafiyar motoci, kowace mota kuma ana neman ta da takardar shaidar cancantar hawa titi. A sa tsayin mota cikin abin da ake aunawa kafin a ba da wannan takarda: mafi ƙarancin tazara daga ƙasa, iyakar abin da za a ƙara a kan tsayin asali, iyakar bambanci tsakanin gaba da baya da tsakanin hagu da dama, sai saitin fitila. Tef da daɓe mai daidai da bango fari sun isa a fara. Ƙungiyoyin kanikawa, waɗanda suke da ƙarfi a kowane gari kuma 'ya'yansu suna jin maganarsu fiye da ta kowace hukuma, su ɗauki nauyin koyar da wannan aiki, su mai da shi ƙa'ida cewa duk wanda ya taɓa tsayin mota zai rubuta awon farko da na ƙarshe ya ba mai ita, ya kuma tura shi wurin daidaita ƙafafu. Masu sayar da kayan gyara a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo su daina karɓar koilobar da ba ta da suna, ba ta da takardar da ta nuna motar da aka yi ta dominta. Dillalin mota kuwa ya faɗa wa mai saye idan an taɓa ƙafafun, domin ɓoye aibi a ciniki haramun ne tun kafin a zo maganar dokar hanya.

Na san abin da za a ce, cewa kowace sabuwar ƙa'ida a ƙasar nan takan zama sabuwar ƙofar tatsar direba a bakin hanya. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ya sa nake nacewa a kan lamba. Dokar da ta ce mota kada ta yi ƙasa “da yawa” ta miƙa wuyan direba ga ra'ayin duk wanda ya tare shi, amma dokar da ta ce santimita kaza tana ba direba damar ya fito da tef daga aljihun motarsa. Kuma wurin awon shi ne cibiyar bincike, sau ɗaya a shekara, ba shingen kan titi ba. Za a kuma ce talaka ba zai iya ba. Kuɗin daidaita ƙafafu bai kai kuɗin taya guda ba, kuma rashin yin sa tayoyi biyu yake cinyewa.

Ita kanta koiloba ba ni da ƙorafi a kanta, hasali ma ina fifita ta a kan hanyoyin da ta zo ta tarar. Wanda yake yanke naɗi ɗaya ko biyu na sifirin da abin yankan ƙarfe, ko ya gasa shi da wutar walda har ya lanƙwashe, ya lalata ƙarfen ta hanyar da ba ta gyaruwa, kuma ba zai taɓa samun ƙafafu biyu su zo daidai ba. Koiloba mai inganci, wadda aka yi domin wannan motar, tana da iyaka a rubuce, ana iya auna ta, ana iya mai da mota tsayinta na asali idan an ga ba ta yi ba. Sai dai sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan an hau shi, saboda haka bayan mako ɗaya ko biyu ya kamata a koma kan daɓen da aka yi awon farko, a sake auna kusurwa huɗun, a sa sifana a kan kowane zoben makulli a ji ko ya saki, a wanke tiredin a shafa masa man hana tsatsa kafin ruwan farko ya sauka.